Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Argungu: Mun Iya Gyaran Ruwa, Saura Gyaran Gari

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, da 'yan majalisarsa. Da Shugaban Ƙaramar Hukumar Argungu da kansilolinsa. Da hukumomin Jihar Kebbi masu kula da filaye da tsara birane.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ranku ya daɗe, shugabanni. Mai wannan takarda talakanku ne, haifaffen cikin gari, malamin makaranta da ya ajiye alli. Mahaifina tela ne, Allah ya jiƙansa, kuma a rumfarsa ta bakin kasuwa na koyi ƙirga kuɗi tun kafin a sa ni boko. Na rubuto a fili ne saboda maganar ta kowa ce. Ina so mai sayar da banda da ɗan kabu-kabu su ji abin da na faɗa muku, in na yi kuskure su gyara mini.

Tun muna yara muke jin tsofaffi suna ambaton al'adun Kabawa na dā, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa da gyaran gari. Ba al'adar da kanta nake kira a dawo da ita ba, addini ya riga ya raba mu da abin da ya kamata a rabu da shi. Sunan ne ya tsaya mini a rai. Kakanninmu sun san cewa kamar yadda gulbi ke buƙatar gyara kafin a shiga su, haka gari ma ke buƙatar gyara kafin a ji daɗin zama a cikinsa. Mu kuwa mun riƙe na farkon, na biyun ya suɓuce mana.

Babu mai musun cewa mun iya taro. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, sunan Argungu yake tafe da bikin kamun kifi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Da aka dawo da shi a 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, na ga yadda garin nan ya tashi tsaye cikin 'yan makonni. An share hanyoyi, an shafe shataletale da fenti, an kwashe bola, fitilu sun kama. Duk wanda ya tsaya a bakin gulbin Matan Fada ya ga dubban masunta sun ruga cikin ruwa da homa da gora a lokaci guda, ya san mutanen da suka shirya wannan ba za a ce ba su iya tsari ba.

To, ranku ya daɗe, bikin kwana huɗu ne. Shekara kuma kwana 365 ce. A kan sauran kwanakin nan 361 nake magana.

Wata rana da rani wani tsohon abokin aikina daga Zariya ya biyo da iyalinsa a hanyarsu ta zuwa Birnin Kebbi, ya ce in kai yara su ga tarihi. Na kai su Gidan Nabame, gidan tarihin garinmu. Yaran sun tsaya tsit a gaban kaburburan sarakuna, sun ga sulke da takubba da tambura da kayan kamun kifi, mai yi mana bayani kuma ya yi ƙoƙari ƙwarai, har ya ba su labarin Kanta da birninsa na Surame. Da muka fito, uwar yaran ta tambaye ni inda za su ɗan zauna a inuwa su ci kifin Argungu da ake ta labari, ta kuma sayi tsarabar da za ta kai wa maƙwabta. Na tsaya ina waige-waige. Kifi akwai shi a garin nan, shinkafa akwai, masu saƙar tabarma da masu sassaƙar ƙwarya duk akwai, amma babu wani wuri guda kusa da nan da zan nuna mata in ce ga shi. Na ja su gidana suka ci abinci, suka kama hanya kafin la'asar. Duk abin da suka kashe a Argungu ranar nan bai wuce kuɗin ruwan sha da na man fetur ba. Na daɗe ina jin zafin wannan rana.

Idan na ce cikin gari, ina nufin wurin da mutum zai taka da ƙafarsa daga ƙofar fada zuwa Gidan Nabame, ya bi ta masallaci, ya ratsa kasuwa, ya leƙa tasha, ya gangara bakin gulbi. Nan ne cibiyar Argungu, kuma a hankali rai yana janyewa daga cikinta. Duk wanda Allah ya buɗa masa sai ya sayi fili a bayan gari, gefen kwalta, ya yi gininsa. Ba laifi ba ne, gari dole ya faɗaɗa. Sai dai abin da ake bari a baya shi ne gidajen gado da magada suka watse, kowa na jiran kowa ya gyara, soraye suna tsagewa, indararo ya karye ruwa na cin katanga, zaurukan da aka yi karatun allo a cikinsu an fasa su an mai da su shaguna na bulo da kwano, kowane ya ɗan ci hanya da taku ɗaya ko biyu. Lungun da jaki da mangala ke wucewa a dā, yau da ƙyar ake fitar da makara.

Bari in daɗe kaɗan a kan ruwa, domin shi ne uban matsalolin. Idan aka ce ambaliya a nan, tunanin kowa yana tafiya ga gulbi ne, ga irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, ko ga lokutan da aka sako ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori. Waccan babbar magana ce ta jiha da tarayya. Amma ruwan da ke kayar da katangu a cikin unguwanninmu, mafi yawansa ruwan sama ne da ya sauka a kan rufinmu ya rasa hanyar fita. A wata damina da ta wuce, maƙwabciyata, wata gwauruwa mai marayu huɗu, ta kwana tana kwarfar ruwa da ƙwarya daga ɗakinta. Da asuba katangar da ke tsakaninmu ta zube, Allah ya kiyaye babu wanda ta danne. Da gari ya waye muka bi sawun ruwan mu ga daga ina. Kwalbatin da ke bakin layinmu ne ya toshe da yashi da ledar ruwa da tsumma, har da mushen akuya. Babu baƙon da ya zo ya zuba su. Mu ne. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka na zo ɗora wa hukuma laifi ni kuma in wanke hannuna.

Amma akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin talaka. Magudanun ruwa a garuruwanmu ana gina su ne guntu-guntu, kowace ta biyo aikin titin da aka bayar a shekararta. Wannan ta tsaya inda kuɗin kwangila ya ƙare, waccan ta fara daga wani wuri daban, tsakaninsu kuma gidajen mutane ne. Magudanar da ba ta kai ruwa fadama ba, tara shi kawai take yi ta juye wa na ƙasa. Abin da nake roƙo a nan shi ne a sa masu awon ƙasa su auna gangaren garin nan gaba ɗaya, daga tudu har fadama, a fitar da taswira guda ta inda ruwa ke bi, ta yadda duk wanda zai zuba siminti nan gaba, jiha ce ko ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa mai aikin mazaɓa, a kan wannan taswira zai ɗora. Aiki ne da ba a yanka masa kyalle, ba ya fitowa a hoto, amma in ba a yi shi ba, duk kwaltar da aka shimfiɗa damina biyu ce ta ishe ta.

Sai kasuwa. Duk wanda ya ga abin da gobara ta yi wa babbar kasuwar Birnin Kebbi a 2016, da ta Sakkwato a farkon 2021, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi. Ku shiga kasuwarmu ranar da ta cika, ku tambayi kanku ta ina motar kashe gobara za ta bi, a ina kuma za ta ɗebi ruwa. Wayoyin lantarki sun sarƙe a saman rumfuna, janareta na aiki kusa da mai sayar da katifa.

Na san abin da wasu za su ce: a tashi kasuwar, a gina sabuwa ta zamani a bayan gari. Don Allah, ranku ya daɗe, a yi hattara da wannan shawara. Na yi koyarwa shekaru a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba, inda aka yi haka. An gina shaguna a jere, masu ƙofofin ƙarfe, nesa da mutane. Aka raba su, mafi yawa suka faɗa hannun waɗanda ba su taɓa auna ko mudu ɗaya na gero ba, su kuma suka sa kuɗin haya da ɗan tireda ba zai iya biya ba. Tsohuwar kasuwa an rushe ta, sabuwar babu masu saye, don matar da ke da kuɗin cefane kaɗan ba za ta kashe rabinsa a kabu-kabu ba. Cikin 'yan watanni 'yan kasuwar suka dawo suka baza kaya a bakin titi, abin da aka gudu ya dawo ya fi na dā muni. Wani dattijo mai sayar da goro da nake zama wurinsa bai sake tashi ba, jarinsa ya narke a zaman jira. Kasuwa ba gini ba ce kawai, sawun mutane ne da ya saba da wuri shekara da shekaru, kuma ba a ɗaukarsa a mota.

A gyara tamu a inda take. A fara da rubuta sunan duk mai rumfa da mai tebur da mai tire, har da matan da ke zama a ƙasa da kwandon banda, a kafe sunayen a fili kowa ya gani tun kafin a taɓa ko azara ɗaya. Sannan a bi ta sashe-sashe, a gama wannan layi masu shi su koma, a shiga na gaba. A buɗe hanyoyi biyu ko uku da mota za ta iya ratsawa, a haƙa rijiyar burtsatse da tanki, a yi makewayi na maza daban na mata daban, a sa wanda zai riƙa wanke su ana biyansa. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Akwai matan da ke wuni a kasuwa suna ƙin shan ruwa a cikin zafin watan Afrilu don ba su da inda za su kewaya.

Shinkafa ta canja Argungu, wannan gaskiya ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a ƙarshen 2015, aka kuma buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a nan a 2017, manyan motoci ba su daina shigowa ba. Alheri ne, mun gode Allah. Su ne ya dace a samar wa fili a gefen gari, mai wurin sallah da abinci da makewayi, su daina kwana a bakin hanya. Manyan motoci su fita, ƙananan sana'o'i su shigo. Matan da ke turara shinkafa suna shanya ta a bakin titi, ƙura da tayar mota na bi ta kai, da masu banda da ke aiki cikin hayaƙi a tsakar gida, su ne ya kamata a gina wa dandamalin shanya da rumfunan sayarwa masu tsabta a kusa da Gidan Nabame, inda baƙo zai fito daga kallon tarihi ya tarar da kifi mai zafi da ƙaramin buhun shinkafar Argungu da zai iya ɗauka a hannu.

Shi kansa Gidan Nabame, wanda ya kasance fada har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, ginin ƙasa ne, kuma ginin ƙasa da hannun magina yake rayuwa. Tsofaffin maginanmu da suka san kwaɓin ƙasa da ɗaurin guga da makuba suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo saboda nan ne abinci yake. 'Yan'uwanmu na Agadas, da tsohon garinsu ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, hasumiyar masallacinsu ta ƙasa tana tsaye har yau ne domin ba a daina yi mata yaɓe ba. In aka ware wani abu duk shekara don yaɓen gidan tarihi da zaurukan tsofaffin gidajen da ke kewaye da shi, aka ɗora wa kowane magini sharaɗin ya ɗauki yara biyu su koya, an tsare tarihi kuma an samar da sana'a. A haɗa da dashen dogon yaro a kan hanyar, kowane itace a damƙa shi ga mai shagon da ke gabansa, shi zai ba shi ruwa ya kare shi daga awaki. Dashen da ba shi da mai shi ba ya kai bazara.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni, wato yadda za a yi tsarin kansa. Doka ba ta bar mu a duhu ba. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi a sami hukumar tsare-tsare har a matakin ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a da kwashe shara da raɗa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ita kuma Dokar Filaye ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, don haka babu abin da zai tafi sai jiha ta sa hannu. Kowa yana da igiyarsa a hannu. Abin da na ke tsoro shi ne a ɗauko masana daga nesa, su kwana biyu a masauki, su rubuta kundi mai kauri da Turanci, a yi bikin karɓarsa, a sa shi a kabad.

Allah ya ba Sarki nasara, hanyar da ta fi wannan kun riga kun san ta, don da ita aka yaƙi cutar shan inna. Duk Arewa ta san rawar da Mai Martaba ya taka a kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Na yi aikin rigakafin nan a hutun makaranta, na ga yadda ake yi. Ana zama da mai unguwa a zaurensa, a shimfiɗa takarda, a zana unguwa lungu-lungu, ga masallaci, ga rijiya, ga gidan wane mai yara kaza. Babu gidan da ke ɓacewa, domin masu zanen su ne masu wurin. Da aka bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, ƙofofin da suka ƙi buɗuwa sun buɗe. In an iya zana gari don a kai ga kowane yaro, za a iya zana shi don a gano inda ruwa ke kwanciya, da inda duhu ke hana mata fita bayan magariba, da kangon da ya zama maɓoyar masu shaye-shaye, da filin da yara ke ƙwallo wanda bai kamata a yanka a sayar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A zaman nan kada a tsaya ga manyan gari kaɗai. A kira Sarkin Ruwa da masunta, da shugabannin 'yan kasuwa layi-layi, da mahauta, da direbobi da 'yan kamasho, da 'yan kabu-kabu, da guragu da makafi waɗanda su suka fi kowa sanin sharrin buɗaɗɗiyar kwata. Mata ba za su zo dandali su yi magana a gaban maza ba, wannan mun sani, don haka a aika musu mata 'yan'uwansu su same su a makarantun Islamiyya da gidajen suna. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie suna nan a garin, za su iya ƙirga rumfuna da auna lunguna a matsayin aikin karatunsu. Abin da aka tattara masana su daidaita shi, amma ya fito a 'yan shafuka, da Hausa, boko da ajami, a kafe a ƙofar fada da sakatariya da bakin kasuwa, a karanta a rediyo. Kuma a yi alkawari tun farko cewa babu katangar da za a shafa wa jan fenti sai an zauna da mai ita, an nuna masa dalili, an yi maganar diyya. Da zarar mutane sun ji ƙamshin rusau, bakinsu zai rufe, kuma ba za a sake jin gaskiya daga gare su ba.

Za a ce ina kuɗi. Kullum ana yankar rasit a kasuwa da tasha. A yanke wani kaso sananne da zai riƙa komawa wurin da aka karɓe shi, a kafa allo a bakin kasuwa ana rubuta abin da ya shigo da abin da aka yi da shi duk wata. Ɗan kasuwar da ya ga kuɗinsa ya zama fitila a layinsa ba sai an bi shi da sanda ba. Kamfanonin da ke kafa tutocinsu a bakin Matan Fada lokacin biki, a nemi kowane ya bar wa cikin gari abu guda da zai rage bayan an watse. 'Ya'yan Argungu da ke Abuja da Legas da Kaduna da yawansu suna son su taimaka, abin da ke hana su shi ne rashin sanin hannun da kuɗin zai faɗa. Mu kuma na gida, aikin gayya bai mutu ba. In mai unguwa ya yi shela ranar Asabar, matasa za su fito da shebur su yashe kwata, muddin akwai motar da za ta kwashe abin da aka fitar kafin ruwan sama ya mai da shi inda ya fito.

Ban roƙi a yi duka a shekara ɗaya ba. Roƙona shi ne Mai Martaba ya kira zaman farko da zarar an gama girbi, ƙaramar hukuma da wakilan jiha su halarta, a zaɓi hanya guda tak, wadda ta taso daga ƙofar fada ta bi ta Gidan Nabame zuwa kasuwa, a gama ta tsaf kafin ruwan farko ya sauka: magudana, inuwa, fitila, rumfuna, makewayi. Idan mutane suka taka ta suka ga bambanci, sauran unguwanni da kansu za su zo neman a yi musu.

Ni dai tun daminar da katangar nan ta faɗi nake da wani ɗan littafi da nake rubuta duk inda ruwa ya kwanta a unguwarmu, da ranar, da gidan da ya shiga. Wurare tara na ƙirga zuwa yanzu. Ranar da aka kira zaman, in Allah ya kai mu, zan zo da shi, kuma zan zo da maƙwabciyata ta faɗi nata da bakinta.

Allah ya ja zamanin Sarki. Allah ya yi muku jagora, ya zaunar da ƙasar Kabi lafiya.

Wassalam.

Talakanku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Cikin garin Argungu.